Jar Tawada da Lambar Launi: Fasalta Rubutu a Manhajar Hira ta Tagar Umarni bisa Ma'aunin Al'adar Rubutun Hubbare

Tsakure

Wannan maƙala ta yi bayanin yadda ake sarrafa launi da fasalin rubutu a manhajojin hira da ke aiki cikin tagar umarni ta kwamfuta, musamman Irssi da WeeChat, sannan ta auna tsarin da al'adar amfani da tawada mai launi a rubuce-rubucen hannu na Sakkwato. A takardar malam, launi yana bin rubutu duk inda ya je. A tagar umarni kuwa, marubuci lamba kawai yake aikawa, na'urar mai karatu ce ke yanke irin launin da zai bayyana. Maƙalar ta bi diddigin abin da wannan bambanci yake jawo wa Hausar boko da ta ajami.

1.0 Gabatarwa

Unguwar Hubbare da ke tsohon garin Sakkwato ta ci sunan makwancin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya rasu a shekarar 1817, kuma kusa da shi aka rufe 'yarsa Nana Asma'u a 1864. Zuriyar da ta zauna wannan wuri da almajiranta sun bar ɗimbin rubuce-rubuce cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. A yau ana samun kaso mai tsoka daga cikinsu a Hukumar Tarihi da Al'adu ta Waziri Junaidu da kuma Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, ban da waɗanda ke ajiye a gidajen malamai. Wanda duk ya saba buɗa irin waɗannan takardu ya san cewa da yawansu ba da tawada ɗaya aka rubuta su ba. Akwai baƙa, akwai ja, wani lokaci har da rawaya, kuma kowacce da aikin da aka ɗora mata.

Manazarta sun fi mayar da hankali ga abin da takardun suka faɗa, launi kuwa akan bar shi a sahun ado. Yanzu da matanonin ke komawa cikin kwamfuta, ana juyar su ana musayarsu ta kafafen hira, tambayar abin da launi yake ɗauke da shi ta zama ta aiki. An zaɓi manhajar hira ta tagar umarni ne domin a cikinta babu hoto, babu maɓallin ado, haruffa ne kawai da lambobin launi, don haka ana iya ganin ƙashin tsarin a fili. Ba kuma abin da aka daina yayi ba ne: masu gina manhajoji na kyauta da masu kula da ayyukan Wikimedia har yanzu suna da zaurukan tattaunawa a Libera.Chat, wadda aka kafa a watan Mayu na 2021.

2.0 Aikin Launi a Takardar Malam

Harshen Hausa da kansa ya riga ya sa launi cikin ilimin haruffa. Harafin da ba wasali ba sunansa baƙi, jam'insa baƙaƙe. Yaron makarantar allo yana farawa da babbaƙu, wato sanin haruffa tsurarsu, kafin ya shiga farfaru, inda ake haɗa masa su da wasula. Abin lura shi ne, waɗannan farfaru idan suka hau takarda jajaye ne.

Marubucin Alƙur'ani na tsangaya ba ya gama shafi da alƙalami ɗaya. Yakan shimfiɗa baƙaƙe da baƙar tawada, wadda ta takarda akan haɗa da bagaruwa da ƙaro, saɓanin ta allo mai gawayi da ake wankewa. Daga baya sai ya dawo da wani alƙalamin ya sa wasali bisa da wasali ƙasa da rufu'a da ɗauri da jar tawada. A kwafe-kwafe da dama hamza takan zo a ɗigon rawaya, alifin sadarwa kuma a ɗigon tsanwa. Littafin Salah Hassan na 1992 a kan fasaha da karatun Musulunci a ƙasar Hausa, da binciken Michaelle Biddle na 2011 a kan tawadar rubuce-rubucen Arewacin Nijeriya, sun yi bayanin kayan aikin da hanyoyin haɗa su.

Idan aka dubi shafin da kyau, ayyuka uku launi yake yi. Yana jagorantar furuci, kamar yadda aka gani a wasula. Yana nuna wuri: sunan sura da alamar aya da kumsa da kuri da sumuni da rubu'i da izu duk sukan fito da launi ko zayyana, domin mai neman wuri ya same shi ba tare da ya karanta kowane layi ba. Na uku, wanda ya fi shafar wannan nazari, yana rarrabe murya. A littattafan sharhi da tafsiri akan rubuta matani da ja, sharhin da baƙi, ta yadda ko da kalmomin biyu sun cuɗanya a layi guda, mai karatu ya san inda maganar mawallafi ta tsaya da inda ta mai sharhi ta soma. Masu kwafe tahamisi ma sukan bi wannan hanya su ware ɗangayen asali daga waɗanda aka ƙara. A gidan da Shehu ya yi waƙa da Fulatanci, Asma'u ta mayar da ita Hausa, Isa ɗan Shehu ya yi mata tahamisi, kamar yadda ya faru da Tabbat Haƙiƙa, sanin wane ne ke magana a kowane ɗango ba ƙaramin al'amari ba ne.

An taɓa yin asarar wannan bayani. A shekarun 1960, lokacin da cibiyoyin bincike a Ibadan da Zariya suka duƙufa ɗaukar hotunan rubuce-rubuce a kan ƙaramin fim, baƙi da fari kawai fim ɗin yake riƙewa. Haka injin fotokwafi ya yi daga baya. Ja yakan koma baƙi ko ya dusashe ya zama toka-toka, sai matani da sharhi su zama murya ɗaya. An tsirar da kalmomin, kuma wannan babban aiki ne, amma ɗalibin da fotokwafi kaɗai ya gani dole ya dogara da saninsa na matanin kafin ya raba su.

3.0 Tagar Umarni da Hawa Uku na Launi

Tagar umarni, wadda masu harkar ke kira taminal, fili ne da aka yanka gurbi-gurbi masu faɗi ɗaya. Na'urar VT100 da kamfanin DEC ya fitar a 1978 tana da gurabe 80 a kwance da layuka 24 a tsaye, kuma har yau wannan ne awon da tagogi da yawa ke buɗewa da shi. Kowane gurbi yana riƙe harafi ɗaya, da launin harafin, da launin shimfiɗar da ke bayansa, da 'yan siffofi irin su gwaɓi da jan layi a ƙasa. Wannan ƙa'ida ta gurbi za ta sake tasowa idan aka zo ga ajami.

Tsarin hira na IRC kuwa Jarkko Oikarinen ne ya ƙirƙiro shi a Jami'ar Oulu ta ƙasar Finlan a watan Agusta na 1988, aka rubuta ƙa'idojinsa a takardar RFC 1459 a 1993. Babu maganar launi ko kaɗan a cikin wannan takarda. Launi ya shigo ne ta manhajar mIRC ta Khaled Mardam-Bey, wadda ta fito a 1995, sauran manhajoji suka kwaikwaya har ya zama al'ada. Irssi ta Timo Sirainen ta fito a 1999, WeeChat ta Sébastien Helleu ɗan Faransa a 2003, dukansu biyu a cikin tagar umarni suke aiki.

Kafin launi ya isa idon mai karatu, yana bi ta hawa uku. Hawa na farko na mai aikawa ne. Yana cusa wasu ɓoyayyun alamomi a cikin saƙo: alama mai lamba 2 tana kunna gwaɓi, mai lamba 31 jan layi, mai lamba 29 rubutun tsutsa, mai lamba 15 tana kashe komai, mai lamba 3 kuma tana buɗe launi, sai a biyo ta da lambar launin. A jerin mIRC na asali launuka 16 ne, inda 0 fari ne, 1 baƙi, 2 shuɗi, 3 kore, 4 ja, 8 rawaya. A WeeChat ana samun waɗannan ta danna Ctrl da c, sannan a danna b domin gwaɓi ko c domin launi.

Akwai tarko a nan da zai kama ɗan tarihi kafin kowa. Manhaja tana karanta lambobi har biyu bayan alamar launi. Wanda ya so rubuta 1817 da ja, ya sa alamar launi da 4 sannan shekarar, abin da manhaja za ta fahimta shi ne launi na 41 da rubutu 817. Shekara dubu ta salwanta a kan hanya, ba kuwa wanda zai yi masa gargaɗi. Maganinsa a riƙa rubuta lambar launi da gurbi biyu, wato 04.

Hawa na biyu shi ne tsarin launin manhaja, wanda mai karatu ke shiryawa. Shi ke yanke launin agogon da ke gefen kowane saƙo, da na laƙabin mutane, da na sanarwar shiga da fita, da na layin da aka ambaci sunanka. A Irssi tsarin yana cikin fayil mai ƙarewa da .theme, ana sauya shi da umarnin /set theme, kuma a cikinsa %r na nufin ja, %_ gwaɓi, %n komawa yadda ake. A WeeChat kowane ɓangare da zaɓinsa. Alal misali weechat.color.chat_nick_colors shi ne jerin launukan da za a raba wa laƙabobi. Manhajar tana yin lissafi a kan haruffan laƙabi ta fitar da lamba, don haka mutum ɗaya yakan riƙe launi ɗaya kullum muddin bai sake suna ba. Wannan shi ne takwaran jan matani da baƙin sharhi: ido yana gane mai magana kafin ya karanta sunansa. Haka launin agogo da layin da ke nuna inda ka tsaya karatu suke yin aikin kumsa da kuri. Sai dai a wannan hawa mai karatu yana da ikon toshe na farkon gaba ɗaya. Umarnin /set irc.network.colors_receive off a WeeChat, ko /set hide_colors on a Irssi, yana wanke duk launin da wasu suka aiko. Mai zaure ma yana iya sa alamar +c, uwar garke ta tace launi tun kafin ya isa ga kowa.

Hawa na uku na tagar ce kanta. Manhajar hira ba ta zana launi; umarni take ba taga bisa ƙa'idar ECMA-48, wadda aka fara bugawa a 1976. Jerin ESC[31m yana nufin a rubuta abin da ke biye da launi na 1, ESC[0m kuma a daina. Lambobi 30 zuwa 37 na harafi ne, 40 zuwa 47 na shimfiɗa. A lura cewa a nan ja shi ne 1, 4 kuwa shuɗi ne, akasin jerin mIRC, don haka kullum manhaja tana cikin tafinta tsakanin jeri biyu. Abin da ya fi wannan muhimmanci shi ne ƙa'idar ba ta faɗi wane irin ja ba. Kowace taga da tukwanen rininta, kuma mai ita yana iya sake su. Shahararren tsarin nan na Solarized, wanda Ethan Schoonover ya fitar a 2011, ya mayar da wasu daga cikin launuka masu haske ruwan toka, ya kuma ba gurbin baƙi mai haske launin shimfiɗa, har rubutun da aka yi da shi yakan ɓace ɗungurungum. Daga baya an faɗaɗa jerin zuwa 256: na asali 16, da 216 da aka samu daga matakai shida-shida na ja da kore da shuɗi, da matakan toka 24. Sabbin tagogi suna karɓar launuka 16,777,216. Waɗannan sun fi tsayawa a kan kamanni ɗaya, amma ba sa la'akari da shimfiɗar mai karatu, sai rawayar da ta yi kyau a baƙin fili ta gagari ido a farin fili.

Ga mai fassara waɗannan manhajoji zuwa Hausa, shida daga launuka takwas na asali ba su da gardama: baƙi, ja, kore ko tsanwa, rawaya ko ruwan ɗorawa, shuɗi, fari. Na lamba 5, ja mai ratsin shunayya, a ganina ba sai an aro masa suna ba, domin marina da masaƙa sun daɗe da sanin garura da alharini. Na lamba 6, wanda ke tsakanin shuɗi da tsanwa, shi ne ke buƙatar masana su zauna a kansa.

4.0 Hausar Boko a Zauren Hira

Haruffa masu lanƙwasa, waɗanda suka kafu a ƙarshen shekarun 1930, zamanin R. M. East a Hukumar Talifi ta Zariya da fitowar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, ba sa cikin haruffa 128 na ASCII. A tsarin Unicode ma ba a unguwa ɗaya suke ba. Ƙananan ɓ da ɗ suna rukunin alamomin furuci, a U+0253 da U+0257, alhali manyansu da ƙ da ƴ suna wani rukunin na faɗaɗar haruffan Latin. Sakamakon haka zubin haruffa yana iya mallakar ƙ ya rasa ɗ, ko ya mallake su a siririn rubutu ya rasa su a mai gwaɓi. Idan haka ta faru taga takan aro harafin daga wani zubi, sai a ga kalmar ɗaɗɗaya da haruffa uku da suka fita daban, ko kuma akwatuna a madadinsu. Zubi irin Noto Sans Mono yana ɗauke da su duka, kuma dole a tabbata taga da manhaja suna kan UTF-8. Laƙabi kuwa a yawancin cibiyoyin IRC haruffan ASCII kaɗai yake karɓa, saboda haka Ɗanladi sai dai ya shiga zaure a matsayin Danladi.

Matsalar da ta fi ban sha'awa tana wajen haskaka ambato. Manhaja takan sa launi na musamman, wani lokaci har da ƙararrawa, idan laƙabinka ya fito a saƙo, kuma ba ta bambanta babban harafi da ƙarami. Mai laƙabin Sani zai sha kira duk sa'ad da wani ya rubuta ban sani ba, haka mai laƙabin Gambo ko Tanko ba zai taɓa sanin wannan wahala ba. A WeeChat ana rage ta da sa (?-i) a gaban $nick cikin zaɓin irc.look.highlight_channel, domin a riƙa lura da girman harafi. Mai laƙabin Bala nasa ya fi muni. Manhajar ba ta ɗaukar alamar hamza ta boko a matsayin harafi, tana ganinta iyakar kalma ce, don haka duk wanda ya rubuta bala'i ya kira shi. Gyaran shi ne a ƙara alamar cikin weechat.look.word_chars_highlight. A nan ma sai an yi hattara, domin alamomi uku ne masu kama da juna ke yawo a rubutun Hausa na kwamfuta: miƙaƙƙiya ta U+0027, da lanƙwasasshiya ta U+2019 da wayoyi da manhajojin rubutu ke sakawa da kansu, da ta U+02BC, wadda ita kaɗai Unicode ya lissafa a cikin haruffa. Ƙa'idojin rubutun Hausa da aka tsara a zamanin keken rubutu ba su da dalilin zaɓar ɗaya daga cikinsu. Yanzu dalilin ya samu, tunda sa'a da jama'a da 'ya'ya duk suna rabewa gida-gida a idon na'ura gwargwadon alamar da aka danna.

5.0 Ajami da Iyakar Gurbi

Haruffan ajami sun samu shiga Unicode sannu a hankali. Ɗigon yamala na ƙasa, wanda ajamin Hausa ya gada daga ruwayar Warshu yake rubuta wasalin e da shi, ya shiga a 2005 a U+065C. Fa mai ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama da nun ta salon Afirka, masu ajiye ɗigonsu a ƙarshen kalma, sun shiga a 2016. Hukumar SIL ta fitar da zubin Harmattan da na Alkalami, na biyun bisa hannun Kano wanda Andrea Brigaglia ya yi nazari a kansa a 2011. Sai dai waɗannan zubi haruffansu suna miƙewa suna tsukewa yadda hannu yake yi, taga kuwa gurbi mai faɗi ɗaya ta sani. Bugu da ƙari, ba kowace taga ke iya jera rubutu daga dama zuwa hagu ba. Konsole da mlterm suna yi, GNOME Terminal ta soma a 2019, xterm kuwa ba ta yi. Manhajar hira mai raba fuska gida-gida, da jerin laƙabobi a gefe, tana ƙara rikita lissafin.

A ce duk an shawo kan wannan, akwai abin da ya rage. Wasalin ajami a Unicode alama ce mai hawa kan harafin da ya gabace ta, ba ta da gurbin kanta. Tunda gurbi launin harafi ɗaya yake riƙewa, a mafi yawan tagogi baƙi da wasalinsa dole su sha tawada ɗaya. Ko an cusa lambar ja a tsakaninsu, wasalin zai koma gurbin baƙin ya ɗauki launinsa. Ashe abin da alaramma yake yi da alƙalami biyu na kara ya fi ƙarfin tagar da ke alfahari da launuka miliyan goma sha shida. Daga ayyuka uku da aka lissafa a baya, taga tana iya rarrabe murya, tana iya nuna wuri, amma jagorar furuci ta hanyar launi a rufe take. Haka abin yake ga mai nazarin harshe da ke son haskaka alamar karin sauti ita kaɗai a kan wasalin boko.

Akwai kuma batun awo. Saƙon IRC ba ya wuce bayit 512, har da adireshin da ke gabansa. Harafin boko na ASCII bayit ɗaya ne, mai lanƙwasa biyu. Harafin Larabci biyu ne, wasalinsa biyu, sababbin haruffan 2016 uku-uku. Da yake ajamin Hausa ba ya karantuwa sai da cikakkun wasula, gaɓar da ta ci bayit biyu a boko tana cin huɗu a ajami, kuma kowace buɗewa da rufewar launi tana ƙara wasu huɗu. Baitin tahamisi mai ɗango biyar yana iya tsinkewa gida biyu, kuma launin da aka buɗe a saƙon farko ba lallai ne ya tsallaka zuwa na biyu ba.

Saboda waɗannan dalilai, ra'ayin wannan maƙala shi ne masu juyar rubuce-rubucen Sakkwato su daina dogara da launi shi kaɗai wajen isar da abin da jar tawada take nufi. Duk bayanin da zai sauya fahimtar matani a ɗora shi a kan haruffan da ake gani, waɗanda ba mai tace su: a kewaye abin da aka rubuta da ja da baka mai kusurwa, ko a fara ɗangon asali da wata alama da aka yi ittifaƙi a kanta, sannan a faɗi ƙa'idar a farkon aiki. Daga nan kowane mai karatu yana iya umartar manhajarsa ta rina abin da ke cikin bakan da launin da idonsa yake iya gani; a WeeChat umarnin /trigger yana yin wannan. Hakan zai amfani mai larurar rarrabe ja da kore, wadda ta fi yawa a maza, da makaho mai sauraron rubutu ta na'ura, da kuma ɗalibin da zai zo bayan shekara ashirin ya buɗe ajiyar hirar, domin WeeChat, idan ba a sauya mata zaɓi ba, tana cire lambobin launi kafin ta adana hira a fayil.